Tambaya da Amsa: Yaushe Ya Kamata Koci Ya Ajiye Aiki?

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka iso filin wasanni a wannan karon a kan kujerar koci suke: wa ya kamata ya sauka, yaushe, kuma wa ke da ikon cewa ya isa haka. Ga waɗanda muka zaɓa da amsoshinsu.

Tambaya: Ranku ya daɗe, musu ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisarmu. Wasu na cewa Arsene Wenger ya daɗe a Arsenal har sai da ya ɓata rawarsa da tsalle, wasu na cewa butulci aka yi masa. Wa ke da gaskiya, kuma yaushe ne ya dace a ce ya tafi?
Mai goyon bayan Arsenal, Fagge, Kano

Amsa: Malam, sai an raba shekaru 22 da Wenger ya yi gida uku kafin a yi masa adalci.

Daga 1996 zuwa 2006 babu abin musu. Ya ci gasar Firimiya a 1998 da 2002 da 2004, kuma a kakar 2003/04 ya buga wasa 38 ba a doke shi ba, ya ci 26 ya yi canjaras 12. Zamanin su Vieira da Henry da Bergkamp da Kanu namu ke nan.

Kashi na biyu ya fara ne da ƙungiyar ta tashi daga tsohon filinta na Highbury ta koma sabon filin Emirates a 2006, aikin da ya lashe kimanin fam miliyan 390, ya bar ta da bashi a wuya. Henry ya tafi a 2007, Fabregas da Nasri a 2011, Van Persie a 2012, a daidai lokacin da masu kuɗi ke zuba dukiya a Chelsea da Manchester City. Daga 2005 zuwa 2014 Arsenal ba ta ɗauki kofi ko ɗaya ba, amma ba ta taɓa fita daga huɗun farko ba, kuɗin Kofin Zakarun Turai kuma ya ci gaba da shigowa ana rage bashi. Waɗanda suka riƙa cewa ya sauka a wannan tsakanin ba su yi masa adalci ba. Ana auna koci ne da abin da aka damƙa masa, shi kuwa a lokacin ana karɓe masa gwanayensa ne duk bazara.

Matsalar a kashi na uku take. A 2013 an sayo Mesut Ozil a kan sama da fam miliyan 40, a 2014 aka ƙara da Alexis Sanchez, uzurin rashin kuɗi ya kau. Amma ciwon da ke jikin ƙungiyar bai kau ba. A kakar 2013/14 kaɗai Manchester City ta ci ta 6-3, Liverpool ta ci ta 5-1, Chelsea ta ci ta 6-0 a wasan Wenger na 1,000. Duk wanda ya kalli wasannin nan ya ga abu ɗaya yana maimaita kansa: masu tsaron gefe biyu sun haura gaba a lokaci guda, an ƙwace ƙwallo a tsakiya, babu mai tare hanya, 'yan baya biyu sun rage su kaɗai a fili fetal. A Anfield, gidan Liverpool, kafin minti 20 an zura huɗu. A Stamford Bridge, gidan Chelsea, kafin minti 20 an zura uku. Duk da haka a bazarar 2015 mai tsaron raga Petr Cech kaɗai ya sayo wa babbar ƙungiya, kuma a kakar da ta biyo baya, da Chelsea da City da Manchester United duk suka yi rauni, Leicester ce ta ɗauki kofin da maki 81, Arsenal ta tsaya a 71. A Turai kuwa kaka bakwai a jere, daga 2011 zuwa 2017, ana cire ta a zagayen 'yan 16, na ƙarshen ma Bayern Munich ta yi mata 5-1 a gida da waje.

A ganinmu, lokacin da ya dace ya tafi shi ne watan Mayun 2017. Kwantiraginsa ya ƙare, ƙungiyar ta gama a ta biyar karon farko bayan kaka 20 a cikin huɗun farko, sannan ya doke Chelsea 2-1 ya ɗauki kofin FA na bakwai, abin da babu kocin da ya taɓa yi. Da ya yi sallama a ranar, da ya tafi da kofi a hannu. Sai aka ƙara masa shekara biyu. Kakar da ta biyo baya ta ƙare a mataki na shida da maki 63, an doke su sau 11 a waje, kujerun Emirates suka fara zama wayam, ranar 20 ga Afrilun 2018 aka sanar zai tafi alhali saura shekara ɗaya a kwantiraginsa. Laifin nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Shugabannin da suka bar mutum ɗaya yana riƙe da horarwa da saye da sayarwa da tsara albashi, har ya zama babu mai iya ce masa lokaci ya yi, su ma suna da nasu kason, kuma namu ra'ayin shi ne kasonsu ya fi nasa.

Tambaya: Wasa nawa ya kamata koci ya sha kashi a jere kafin a ce ya kama gabansa?
Wani mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Babu wata lamba da ta isa hujja ita kaɗai. Mikel Arteta ya yi wasan Firimiya bakwai a jere bai ci ba a ƙarshen 2020, Arsenal tana ta 15. A farkon kakar 2021/22 an doke shi a wasan Firimiya uku na farko bai zura ko ƙwallo ɗaya ba. Da lissafin jere aka bi, da an sallame shi sau biyu, shi ne kuma ya zo ya gama a mataki na biyu a 2023 da 2024 da 2025.

Ga yadda masu gudanar da ƙungiya da hankali ke yi. Suna ɗaukar wasa goma a dunƙule, su raba makin da aka samu da yawan wasannin, su gwada da abin da aka sa a gaba. A gasar da ake buga wasa 38, mai neman shiga huɗun farko yana buƙatar wajen maki 70, wato kusan 1.8 a kowane wasa, maki 18 ke nan a wasa goma. Mai neman tsira daga faɗuwa yana harin maki 40, wato 10 ko 11 a wasa goma, ko da yake West Ham ta taɓa faɗuwa da 42 a 2003. Idan dunƙule ɗaya ya gaza, sai a duba da wa aka buga, nawa ne a waje, su wa ke jinya. Idan dunƙule biyu a jere suka gaza, rabin kaka ke nan ta wuce, magana ta zama babba.

Bayan maki sai a duba wasan kansa. Yanzu akwai lissafin da ke auna ingancin damar da ƙungiya ta samu da wadda ta bayar, ana kiransa xG. Ƙungiyar da ke samar da dama mai kyau ƙwallo na ƙin shiga, sau da yawa takan farfaɗo ba tare da an taɓa koci ba. Borussia Dortmund ta Jurgen Klopp tana can ƙarshen teburin Jamus a watan Fabrairun 2015, bayan Lewandowski ya koma Bayern, amma alƙaluma sun nuna wasanta ya fi matsayinta kyau nesa ba kusa ba. Ta gama a ta bakwai, Liverpool kuma ta ɗauki Klopp a watan Oktoban shekarar. Wadda ya kamata a ji wa tsoro ita ce ƙungiyar da ke cin 1-0 da ƙyar mai tsaron raga na ceton ta duk mako, domin ranar da ya gaji komai zai fito fili.

Abin da muka fi ba wa nauyi shi ne maimaituwar kuskure. Idan ana zura maka ƙwallo ta bugun kwana a watan Satumba, aka zo Disamba ana zura maka ita a wuri ɗaya, bayan ka samu makonni kana atisaye, to ɗayan biyu ne: ko ba ka san maganin ba, ko ka faɗa 'yan wasa ba su ɗauka ba. Kowanne daga ciki dalilin sauka ne.

Tambaya: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne Claudio Ranieri. Mutum ya ci wa Leicester kofin da ba ta taɓa mafarki ba, bayan wata tara a kore shi? Ina amana a nan?
Wata mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna

Amsa: Hajiya, mu ma abin ya sosa mana rai, kuma har yau yana sosa ran mutane da yawa. Amma ga halin da ake ciki ranar 23 ga Fabrairun 2017: Leicester tana ta 17, maki ɗaya tsakaninta da masu faɗuwa, an doke ta sau biyar a jere a gasar, kuma tun shigowar sabuwar shekara ba ta zura ƙwallo ko ɗaya a Firimiya ba. An sayar da N'Golo Kante ga Chelsea, babu wanda ya cike gurbinsa, Ranieri kuma ya shiga sauya tsari da 'yan wasa yana neman mafita. Mataimakinsa Craig Shakespeare ya karɓa, ya koma kan tsohon tsarin da 'yan wasan suka saba, ya doke Liverpool 3-1, ya ci wasa biyar na farko a jere, aka gama a ta 12. Shi ma a watan Oktoban shekarar aka sallame shi, wanda ke nuna cewa zafin da 'yan wasa ke yi idan an kawo sabon koci ba ya cika ɗorewa.

Irin haka ta faru da Jose Mourinho a Chelsea. Ya ci kofi a Mayun 2015, aka sallame shi a Disamba bayan an doke shi sau tara a wasan Firimiya 16. Ɗan Najeriya Michael Emenalo, wanda shi ne daraktan ƙungiyar a lokacin, ya fito ya ce akwai saɓani a fili tsakanin koci da 'yan wasa.

Idan 'yan wasa suka juya wa koci baya, ana gani a fili kafin a ji a jarida. A lura da abin da ke faruwa a daƙiƙun farko bayan an ƙwace musu ƙwallo: ɗan gaba ya tsaya ya ɗaga hannu, ɗan tsakiya na dawowa da sassarfa maimakon gudu. A lura da wanda aka cire ya wuce benci bai ko kalli koci ba. Sai maganar ɗakin sauya kaya ta fara fita waje, sai koci ya fara kiran sunan 'yan wasansa a gaban 'yan jarida yana ɗora musu laifi. Idan aka kai nan da wuya a gyara, domin ƙungiya ba za ta iya sallamar mutum 25 a tsakiyar kaka ba, mutum ɗaya take iya sauyawa. Wannan ba ya nufin 'yan wasan ne ke da gaskiya.

Tambaya: Me ya sa ba sa yin murabus da kansu, sai sun jira an kore su?
Wani mai karatu daga Kumasi

Amsa: Kuɗi ne. Wanda ya yi murabus don raɗin kansa ya yafe abin da ya rage a kwantiraginsa. Wanda aka sallama ba tare da wani laifi ba sai rashin nasara, ƙungiya za ta biya shi ragowar, ko adadin da aka rubuta tun farko. A misali, mai albashin fam miliyan 5 a shekara da ya rage masa shekara biyu, kalmar "na sauka" za ta iya jawo masa asarar miliyan 10. Sannan ba shi kaɗai ba ne, akwai mataimaka da mai horar da masu tsaron raga da masu nazarin bidiyo da ya zo da su, waɗanda abincinsu ke ɗaure da nasa. Idan kun ji an ce an rabu bisa amincewar juna, yawanci an zauna ne an yi ciniki a kan wannan ragowar.

Shi ya sa sabunta kwantiragi cikin ɗokin kofi ɗaya ke da haɗari. Manchester United ta gama a ta takwas a 2024, Erik ten Hag ya ci kofin FA, aka tsawaita zamansa zuwa 2026, aka sayo masa 'yan wasa irin waɗanda yake so, sannan aka sallame shi a ƙarshen Oktoba. Shi da mataimakansa sun tashi da sama da fam miliyan 10, aka kuma biya Sporting don a ɗauko Ruben Amorim, wanda tsarin wasansa daban ne da na 'yan wasan da aka tara.

Tambaya: Klopp ya sanar tun Janairu cewa zai tafi a ƙarshen kaka. Wannan dabara ce ko kuskure?
Wani ɗalibi daga Zariya

Amsa: Ya danganta da dalilin sanarwar da kuma shirin da ke bayanta. Klopp ya shaida wa shugabannin Liverpool tun Nuwamban 2023, ya sanar wa duniya ranar 26 ga Janairun 2024, alhali ƙungiyar tana saman teburi kuma kwantiraginsa sai 2026. Dalilinsa shi ne ƙarfinsa na ƙarewa. Ya bar ƙungiya mai sabbin 'yan tsakiya, shugabanni suka samu watanni suna neman wanda salonsa ya yi kusa da nasa, Arne Slot ya zo ya ci Firimiya a kakarsa ta farko.

Washegarin sanarwar Klopp, Xavi ya yi tasa a Barcelona, a cikin zafin kashin 5-3 da Villarreal ta ba shi a gida. A Afrilu ya ce ya fasa, a Mayu ƙungiyar ta sallame shi. Hukuncin da aka yanke a daren shan kashi haka yake ƙarewa. Alex Ferguson na Manchester United ma ya taɓa sanar da cewa zai yi ritaya a ƙarshen kakar 2001/02, ya janye a Fabrairu, daga baya ya amince cewa sanarwar kuskure ce, domin ɗan wasan da ya san ba kai za ka yanke makomarsa ba, tsoronka na raguwa a zuciyarsa. Da ya zo tafiya ta gaskiya a Mayun 2013 sai da ya ci kofi tukuna ya yi magana. Amma shugaban gudanarwa David Gill ya tafi tare da shi a bazara ɗaya, 'yan baya irin su Ferdinand da Vidic da Evra duk sun haura shekara 30, David Moyes da aka ba wa shekara shida wata goma ya yi, United ta gama a ta bakwai.

Tambaya: Ni sakataren wata ƙaramar ƙungiya ne. An doke mu sau huɗu a wasa shida, shugabanmu ya ce mu bai wa koci wa'adin wasa uku kamar yadda manyan ƙungiyoyin gasar Najeriya ke yi. Me kuke gani?
Daga jihar Katsina

Amsa: Ɗan'uwa, muna roƙonku kada ku yi. Wa'adin wasa uku ya zama ruwan dare a ƙwallon ƙasar nan, kuma ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Kowa ya san cin wasa a waje abu ne mai wuya a gasanninmu, to idan biyu daga cikin ukun nan a waje suke, kun riga kun kore shi, sanarwa ce kawai ta rage. Kocin da aka ɗora wa wa'adi zai ajiye matasan da yake ginawa, ya sa mai rauni da bai gama warkewa ba, ya tara mutane a baya yana neman canjaras. Ɗan wasan da ke jin haushin zaman benci kuwa ya san wasa uku kawai zai daure.

Kafin ku taɓa koci, ku fara duba abin da ke hannunku. An biya albashi da alawus ɗin wasa a kan lokaci? Da za ku buga a waje, kun isa garin kwana ɗaya kafin wasa, ko da asuba kuka taso a mota yara suka sauka ƙafa a kumbure suka shiga fili? Wa ya ɗauko 'yan wasan, shi ne ko wasu ne suka kawo nasu aka ce ya yi aiki da su? Kwana nawa ya samu yana atisaye kafin a fara gasa? Ƙasa da mako shida ba ya isa a gina ƙarfin jiki da tsari. Idan amsoshin nan ba su yi muku daɗi ba, sabon koci zai tarar da abin da tsohon ya bari.

Idan kuwa duk kun sauke nauyinku, ku kira shi a keɓe, ba a rediyo ba. Ku sa ya bayyana muku yadda aka zura kowace ƙwallo a wasannin shida da abin da zai yi a kai. Wanda ya san aikinsa zai ce muku, misali, biyar ta gefen hagu suka shigo saboda ɗan gefen ba ya dawowa, ga wanda zan sa, ga atisayen da za mu yi. Wanda ya ƙare zai ce alƙalin wasa ne, ko sa'a ce babu. Ku rubuta abin da kuka amince a kai, ku sake zama bayan wasa na goma, sannan a tsakiyar kaka. Idan sauyi ya zama dole, ku yi shi a lokacin hutu, ana gab da buɗe rajistar sabbin 'yan wasa, don mai zuwa ya samu aƙalla mako biyu da damar ɗauko mutum biyu ko uku. Kada ku sallami kowa sai kun san wanda zai karɓi atisaye washegari, ko da na riƙon ƙwarya ne, kuma ku biya mai tafiya haƙƙinsa har na watan da yake ciki.

Shi ma kocin akwai inda ya kamata ya tattara kayansa ko ba a ce masa komai ba: idan wani ne ke rubuta masa sunayen 'yan wasa 11 da zai sa, ko aka ɗauko wani aka ɗora a kansa ba tare da saninsa ba, ko albashi ya tsaya. Tun 2021 dokar FIFA ta bai wa kocin da ke aiki a wata ƙasa damar soke kwantiragi idan aka riƙe masa albashin wata biyu, da sharaɗin ya rubuta takardar gargaɗi ya ba da aƙalla kwana 15. Kocin gida ma ya bi wannan tsarin: ya rubuta takarda mai kwanan wata, ya sa sakatare ya sa hannu cewa ya karɓa, ya ajiye kwafi, domin da ita zai kai ƙara gaban hukumar ƙwallon ƙafa idan aka hana shi kuɗinsa.